Yadda Ake Kama Ɗakin Haya a Damagaram: Lissafin da Ɗalibi Zai Yi Kafin Ya Miƙa Kuɗi

Da zarar sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, aka san waɗanda za su shiga Jami'ar André Salifou ko makarantar koyon aikin lafiya ko ta horon malamai, sai wayar mazauna Damagaram ta hana su sakat. Daga Magarya, daga Gure, daga Tanut, daga Difa, tambayar ɗaya ce: "Nawa ake kama ɗaki a nan?" Amsar da dillali zai ba ka rabin lissafi ce. A garin nan, kuɗin da ka miƙa wa mai gida ɗaya ne kawai cikin abubuwa huɗu da ɗakin zai ci maka. Sauran ukun su ne ruwa, kuran (wutar lantarki), da kuɗin kabu-kabu. Wanda bai haɗa su tun farko ba, shi ne za ka gani tsakiyar shekara yana ɗaure katifa bayan babur yana neman wani wuri. Ga yadda za ka bi abin daki-daki, ƙanena, ke ma ƙanwata.

Fara da ƙofar da ta fi sauƙi

In kai ɗalibin jami'a ne, kafin ka taka ƙafa wajen dillali, je ofishin CROU, hukumar da ke kula da kwana da abinci da jigilar ɗalibai. Ka tambayi ranar da ake karɓar takardun neman ɗaki a site, wato masaukin ɗalibai, da abin da ake buƙata, ka ajiye naka da wuri. Ɗakunan ba sa isar kowa, kowa ya san haka, amma wanda ya samu ya huta da yawancin abin da zan lissafa a ƙasa. Ka ajiye takardarka, ka kuma ci gaba da neman na gari, kada ka zauna jiran jerin sunaye har a koma karatu.

Lokaci ma kuɗi ne. Wanda ya zo makon da aka buɗe makaranta zai tarar masu kyau sun tafi, abin da ya rage kuma an ɗaga masa kai. In da hali, zo wata guda kafin nan, ka sauka wajen ɗan'uwa ko ɗan garinku kwana biyu ko uku. Nemi ɗaliban yankinku da suka riga ka zuwa. Su ne suka san wanda ya gama karatu zai saki ɗaki, kuma ɗakin da ka gada daga hannun ɗalibi sau da yawa ba la'adar dillali a kansa.

Yi lissafin aljihunka a takarda

Rubuta abin da ka tabbata yana shigo maka kowane wata. Abin da ka tabbata na ce, ban ce abin da kawu ya yi alkawari ranar sallama ba. In kana da burs, wato tallafin karatu na gwamnati, ka sani hukumar ANAB ba kullum take biya kan lokaci ba, mai gida kuwa wata yana ƙarewa zai leƙo. Don haka kada ka ɗora hayarka gaba ɗaya a kan burs. A ganina, in haya da ruwa da kuran da kuɗin hawa suka haura rabin abin da kake samu, ɗakin ya fi ƙarfinka, domin ci da sabulu da hoton takardun darasi da kuɗin intanet suna nan suna jira.

Bari in ba da misali. Alƙaluman nan na misali ne kawai, kai ka sa na gaskiya da ka tarar a ƙasa. Ga ɗaki na jika 10 a wata, amma yana da nisa, sai ka hau kabu-kabu dala 50 zuwa, dala 50 dawowa. Jika ɗaya ke nan duk kwana biyu, a kwana 22 na karatu ya kama jika 11. Gidan ba famfo, kana sayen bido 2 a rana kan dala 10 kowanne, jika 3 a wata. Kuran jika 2. Jimla jika 26. Ga kuma wani ɗaki na jika 17, da ƙafa kake zuwa aji ko ka tari bas ɗin ɗalibai a bakin titi, akwai famfo a tsakar gida rabonka jika 1 da rabi, kuran jika 2. Jimla jika 20 da rabi. Wanda ya ji "jika 10" ya yi wuf ya kama, ya yi asarar jika 5 da rabi kowane wata, ban da gajiya. Araha ba ta ado.

Kada ka manta da watannin hutu. Shekarar karatu a jami'o'inmu takan ja, takan kuma tsaya, amma haya wata 12 ce. In za ka koma gida damina don noma, ka lissafa kuɗin watannin da ɗakin zai zauna a kulle.

Zaɓi unguwa, sannan ka zaɓi ɗaki

Birni da Zango tsofaffin unguwanni ne, gidajen ƙasa sun fi yawa, mutane a haɗe suke, kasuwa da masallaci da mai ƙosai duk a kusa. Sabon Gari da kewayen Kasuwar Dole akwai hada-hada, abin hawa ba ya wuya, amma hayaniya ma ba ta wuya, musamman ranar Alhamis. Sababbin unguwannin bakin gari sun fi gidajen siminti da fili, sai dai wasu layukan ruwa da kuran ba su gama isa ba. Kowace da daɗinta da wahalarta. Abin da za ka auna shi ne inda za ka riƙa zuwa kullum. Ɗalibin likitanci ko na aikin jinya da zai yi ta zirga-zirga babban asibitin ƙasa, har da kwanan gadi, lissafinsa daban da na ɗan IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a.

Taka tazarar da ƙafarka sau ɗaya, da rana tsaka, ka duba agogo. "Nan kusa ne" a bakin dillali yana iya zama tafiyar minti 40.

Ruwa: nan za ka daɗe

Wanda bai taɓa yin bazara a Damagaram ba ba zai gane dalilin da ya sa na ware wa ruwa babi guda ba. Garin a kan dutse yake zaune. Duwatsun da ke ƙawata Birni su ne kuma suke hana rijiya ba da ruwa yadda ake so. Tun zamanin Turawa ake fama, har ana lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfon da muke sha daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Idan zafi ya kankama daga watan Maris zuwa Mayu, buƙata ta ƙaru, unguwannin da ke kan tudu da waɗanda ke ƙarshen layi su ne farkon rasa shi. Wani gidan sai tsakar dare famfo ke tsiyaya, wani sai a yi kwanaki.

Saboda haka ganin kan famfo a tsakar gida ba hujja ba ce. Buɗe shi da hannunka. In ya kawo, tambayi matan gidan, ba mai gida ba: "Inna, da bazara ƙarfe nawa ruwa yake zuwa?" Su ne ke tashi da dare tarar ruwa, ba za su ɓoye maka ba. Dubi tsakar gidan kuma. In ka ga bido ashirin a jere da tuluna da ganga, gidan ya riga ya ba ka amsa. Fita waje ka tsayar da mai ga-ruwa, ka tambaye shi nawa yake sayar da kura yanzu, nawa kuma yake sayarwa da bazara, daga ina yake ɗebowa. Bambancin farashin nan biyu shi za ka sa cikin lissafinka, don watannin zafi su ne kuma watannin da za ka fi buƙatar wanka.

In gidan yana da kontar na ruwa, nemi a nuna maka takardar biya ta ƙarshe. Tun farkon 2024 kamfanin NDE ne ke riƙe da rabon ruwa a madadin SEEN, to ka ga takardar da idonka, ka tabbata babu tsohon bashi. Sannan ka tambayi yadda ake raba kuɗin: da ƙofa ake rabawa ko da kai? Wannan tambaya tana da nauyi. Kai kaɗai ne a ɗakinka, maƙwabcinka yana da mata da ƴaƴa shida da awaki. In da ƙofa ake rabawa, kai ne ke shayar da awakin. Ba laifi ba ne ka yarda da hakan don zaman lafiya, amma ka yarda kana sane.

Ko gidan da ruwa ko babu, sayi bido aƙalla 4 na lita 25, ka riƙa cika su duk lokacin da ruwa ya zo.

Kuran

Tambaya ta farko: kontar na waye, mutum nawa ke kansa? Na biya-kafin-ka-sha ya fi sauƙin sha'ani, kowa yana ganin abin da ya rage. In na takarda ne da kamfanin wuta NIGELEC ke kawowa duk wata, nemi ta ƙarshe ka gani, don bashin wanda ya tashi yakan faɗa kan wanda ya shigo, ranar da aka zo yanke waya kuma ba a tambayar wa ya ci. In gidan haɗaka ne, ka san wa ke da firji, wa ke da dutsen guga, wa ke sayar da ƙanƙara. Kai da ƙwan fitila ɗaya da fanka da cajin waya bai kamata ku raba daidai da mai injin sanyi ba. Mafita mafi tsafta ita ce ƙaramin kontar a ƙofar ɗakinka. Ku yi magana da mai gida kan wa zai saya, da kuma ko za ka tafi da shi in ka tashi.

Yawancin wutar yankin nan daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Ko ba wannan, da zafi ana yawan ɗaukewa. Sa fitila mai caji ko ƴar sola cikin kayan da za ka saya tun farko. Jarrabawa ba ta jiran kuran.

Duba ɗakin kamar mai saye

Je sau biyu, da rana tsaka da kuma bayan isha'i. Da rana za ka ji zafin ɗakin. Kwano ba rufi a ƙarƙashinsa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba ya barin mutum ya yi karatu ko barci. Ɗakin ƙasa mai azara ya fi sanyi nesa ba kusa ba, amma shi kuma damina ce jarrabawarsa. Ɗaga kai ka dubi azara, ko gara ta ci. Dubi bango, ko akwai tsaga ko sawun yoyo. Dubi gindin katanga daga waje, ko ruwa yana kwanciya. Dubi indararo. Tambayi yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe. Wanda ya ga yadda ruwan saman 2024 ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ba zai yi wasa da wannan dubawa ba. In ƙasan ɗakin ya fi titi zurfi, ka haƙura da shi komai arharsa.

Taga biyu masu fuskantar juna sun fi fanka. Ka ga ko suna rufuwa da kyau, don ƙurar hunturu. Gwada ƙofa da sakata. Shiga makewayi: mutum nawa ke amfani da shi, yana da ƙofa, salgar ta kusa cika? Wa ke biyan kuɗin kwashewa? Ciro wayarka a cikin ɗakin ka ga ko layinka yana kamawa, Airtel ne ko Zamani ko Moov, don darussa da yawa yanzu ta WhatsApp ake turo su.

Zuwan dare kuma zai nuna maka unguwar. Akwai haske a lungun? Akwai fada a ƙofar gidan da ake shayi da kiɗa har ƙarfe biyu? Akwai injin niƙa a bayan bangonka? Zauna wajen mai shayi ko mai shago na kusa, ka sayi wani abu, ka yi tambaya cikin ladabi. Gani ya kori ji, amma ji daga maƙwabci ya kori rantsuwar dillali.

Ke ɗaliba, ki ƙara da wasu tambayoyi. Gidan iyali ya fi miki gidan gwauraye. Ki san ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, musamman in karatunki yana da aikin dare, da kuma dokar gidan kan baƙi. Ki zo da wa ko kawu ko wata babba ranar ciniki. Ana ganin mutuncin wanda aka ga danginsa.

Dillali da mai gida

Dillali yana da amfani, shi ya san lungunan da ba ka sani ba, kuma haƙƙinsa ne a biya shi. Amma ku yanke la'adarsa kafin ya nuna maka ɗaki na farko: nawa ne, wa zai biya, kuma sai an kama ɗaki ko ko ba a kama ba? Kada ka ba shi kuɗin haya. Kada ka tura kuɗi ta Nita ko Amana daga ƙauye don "a riƙe maka" ɗakin da ba wanda ka yarda da shi ya gani. Kuɗin haya hannun mai gida yake shiga, ko wakilin da mai gida ya nuna maka da bakinsa. In gidan gado ne, wannan ya ƙara zama dole: ka san wanda magada suka wakilta, in ba haka ba wata zai ƙare mutum biyu su zo karɓa. Mai unguwa ya san gidan kowa, gaishe shi ba ya cin komai.

Wasu masu gida ba sa son ba saurayi marar aure ɗaki. Kada ka ji haushi. Zo da babba wanda zai tsaya maka, malami ko ɗan garinku da ya daɗe a nan. Ranar ciniki ka gaisa sosai, ka faɗi sunan mahaifinka da garinku da abin da kake karanta, sannan ka shiga magana: "Baba, ni ɗalibi ne, ƙarfina kaza ne. In an rage mini, zan riƙa biya kan lokaci in sha Allah." Ka fi samun ragi in ka nuna za ka daɗe, ko za ka biya watanni a haɗe.

Kuɗin shiga shi ne ke karya mutane. Akan nemi abans, wato hayar wasu watanni da za ka biya tun gaba, wani mai gidan ya ƙara da kosiyon, kuɗin ajiya da za a mayar maka ranar tashi in ba ka ɓata komai ba. A ɗakin jika 15, abans na wata 3 da kosiyon na wata 1 sun kama jika 60 ke nan, ba a sa la'ada ba, ba a sa katifa da tabarma da bokiti da buta da fanka da tukunyar gaz da sabon kwaɗo ba. Ka tabbata an bambance maka wanne ne abans, wanne ne kosiyon. Yawancin rigimar ranar tashi daga nan take tsirowa: kai kana cewa ajiya ce, shi yana cewa haya ce ka riga ka cinye.

A rubuta

Mutanenmu suna jin nauyin neman takarda daga dattijo, kamar rashin yarda ne. Ni ban ga haka ba. Addini ma ya ce a rubuta bashi, a kafa shaidu. Ƙasar nan tana da dokar haya tun 1996, amma doka ba ta iya taimakon wanda ba shi da abin nunawa. Takarda ɗaya ta isa, da Faransanci ko da Hausa, boko ko ajami. A sa sunanka da na mai gida, unguwa da ɗakin da ake magana, kuɗin wata da ranar biya, abans da kosiyon kowanne da adadinsa, yadda ake raba ruwa da kuran, wanda ke gyaran yoyo da yaɓe da salga, da tsawon sanarwar da kowa zai ba ɗan'uwansa kafin tashi ko ƙarin kuɗi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi. In kuɗin da yawa, ku kai meri, ofishin magajin gari, a buga hatimi.

Ranar da ka karɓi makulli, ɗauki hoton bango da ƙofa da taga da lambar da ke kan kontar na ruwa da na kuran, ka tura wa mai gida ko ɗansa ta WhatsApp don kwanan watan ya zauna. Canza kwaɗo. Sayi ƙaramin littafi, duk biyan da ka yi a rubuta wata da adadi, mai karɓa ya sa hannu. In ta waya ka tura, adana saƙon.

In za ku haɗa ɗaki

Haɗaka tana raba nauyi biyu ko uku, kuma yawancin ɗalibai haka suke yi. Sai dai mai gida ya san adadinku tun farko. Ku yanke sunan wanda ke kan takarda, ranar da kowa zai kawo rabonsa, da abin da za a yi in ɗaya ya tashi tsakiyar shekara. Kayan da kuka saya tare, fanka ko gaz, ku rubuta wa ya ba da nawa. Zaɓi abokin zama da halinsa, ba da garinsu kaɗai ba: mai karatun dare da mai barcin wuri sai sun yi haƙuri da juna sosai. Ku kuma yi magana kan baƙi, don ɗakin ɗalibi a Damagaram ba ya rabuwa da ɗan gari da ya zo asibiti ko neman takarda, kwana biyu kuma takan zama wata.

Idan kuɗi suka makara

Zai faru, ko burs ta yi jinkiri ko gida ba a sayar da amfanin gona ba. Kada ka fara shigowa da dare kana fita da asuba. Je ka sami mai gida tun wata bai ƙare ba: "Alhaji, kuɗinmu ba su fito ba. Ga rabi, sauran ranar kaza." Ka faɗi ranar da za ka iya cikawa, ka kuma cika. Ranar da burs ta fito a dunƙule, fara biyan haya, har ka tura wata ɗaya ko biyu gaba, kafin ka shiga kasuwa.

In lokacin tashi ya yi, ba da sanarwa yadda kuka rubuta, galibi wata guda. Biya rabonka na ruwa da kuran har ranar ƙarshe, toshe ramukan ƙusa, share ɗakin. Kira mai gida da ɗaya daga cikin shaidu ku duba tare da hotunan ranar shiga, a cire abin da ka ɓata in akwai, a ba ka sauran kosiyon a wurin. Sai ka karɓa ka miƙa makulli, a rubuta a littafinka cewa ba bashi tsakaninku.